Ƙari a Ƙwaƙwalwa: Aikin Likitan Tiyata da Tambayar Gida ko Waje

Da wuya mako ya wuce a zaurukan WhatsApp na mazauna Abuja ba a turo sanarwar neman taimako ba: hoton mara lafiya a kwance, takardar asibiti, lambar asusu, da bayanin cewa an gano ƙari a ƙwaƙwalwarsa, ana neman miliyoyin naira a yi masa aiki. Wani lokaci a nan Abuja, wani lokaci a Indiya ko Masar. Daga nan sai muhawara ta tashi. Wannan ya ce duk wanda aka buɗe wa kai ba ya komawa daidai. Wancan ya ce an yi wa maƙwabciyarsa a Kubwa, ga ta nan tana harkokinta. Wani kuma ya rantse babu masu iya wannan aiki a ƙasar nan.

Mai yiwuwa kowannensu abin da ya gani da idonsa yake faɗa, sai dai ba a kan cuta ɗaya suke magana ba. "Ƙari a ƙwaƙwalwa" suna ne na jimla da ya haɗa cututtuka sama da iri 100. Wasu ana warkewa daga gare su sarai, wasu ana zama da su shekaru, wasu kuma har yau babu asibitin da ya samo maganinsu a duniya.

Ƙari daban, kansa daban

Ƙari tsiro ne da ke fitowa idan wasu ƙwayoyin halittar jiki suka ci gaba da hayayyafa ba su tsaya inda ya kamata ba. Wani yakan zauna wuri ɗaya, yana girma a hankali, yana da iyakar da likita zai bi ya raba shi da naman da ke kewaye. Wani kuma yakan kutsa cikin lafiyayyen nama kamar saiwar bishiya a ƙasa. Na biyun ne ake kira kansa, ko ciwon daji, ko sankara.

A cinya ko a gadon baya, ƙarin da ba kansa ba zai iya girma sosai bai yi wata ɓarna ba. A kai ba haka abin yake ba. Ƙoƙon kan babban mutum akwatin ƙashi ne da ba ya faɗaɗa, kuma a cike yake da ƙwaƙwalwa mai nauyin kusan kilo 1.4, da jini, da ruwan da take ciki. Duk baƙon da ya shigo, wurin wani zai ci. Shi ya sa ƙarin da ba kansa ba ma yakan makantar ko ya yi kisa idan aka bar shi. Idan likita ya ce "ba kansa ba ne", albishir ne, amma ba izinin a koma gida a manta ba ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana kasa waɗannan cututtuka mataki huɗu, daga na 1 mai tafiyar hawainiya zuwa na 4 mai saurin yaɗuwa. A tsarin da ta sabunta a 2021, duba tsokar da aka ciro daga ƙarin da madubin ƙara girma kaɗai bai isa ba, ana kuma gwada sauye-sauyen da suka faru a ƙwayoyin gadon ƙarin, domin ƙari biyu na iya kama da juna a ido amma halinsu ya sha bamban.

Wanda aka fi samu a manya shi ne meninjiyoma. Ba daga ƙwaƙwalwar kanta yake tsirowa ba, daga tantanin da ya lulluɓe ta ne, sai ya riƙa danna ta daga waje. Ya fi kama mata, kusan ninki biyu na maza, kuma mafi yawansa mataki na 1 ne. Idan aka cire shi duka, da yawa sukan rabu da shi ke nan. Akwai kuma na fituwitari, wani ɗan ƙululu mai girman ƙwayar wake a gindin ƙwaƙwalwa wanda ke sarrafa sinadaran jiki. Ƙarinsa kan tsayar da jinin al'ada, ya kawo ruwan nono ba goyo, ya hana haihuwa, ko ya danne jijiyar gani har mutum ya daina ganin gefe da gefe. Wani nau'insa da ƙwayoyi ake maganinsa, ba a ma kai ga wuƙa. Wanda ke bukatar aiki kuwa galibi ta hanci ake bi a ciro shi.

Giliyoma ne ke tsirowa daga naman ƙwaƙwalwar kanta, kuma mafi tsananinsa shi ne giliyobilastoma, mataki na 4. Sai wanda ya taso daga wani wuri, kamar kansar mama ko ta huhu, ya bi jini ya sauka a kai. A yara kuma ƙari yakan fito ta wajen ƙeya, ya toshe hanyar ruwan ƙwaƙwalwa.

Mafi yawansu ba a san takamaiman abin da ke jawo su ba. Ba a ɗauka daga wani. Abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗari su ne gashin asibiti da aka taɓa yi wa mutum a kai (wato haska wurin ciwo da na'ura don ƙone ƙwayoyin kansa), da wasu cututtukan gado da ba su da yawa. Maganar wayar salula kuwa, nazarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aka yi, wanda ya fito a 2024, bai samu alaƙa tsakaninta da kansar ƙwaƙwalwa ba.

Inda lokaci ke salwanta

Kafin mara lafiya ya isa gaban likitan tiyata, sau da yawa ya shafe watanni ana maganin wani abu daban. Ciwon kai a ce zazzaɓin cizon sauro ne ko taifot, a sayo magani a kemis. Gani ya ragu, a yanko tabarau. Babban mutum ya faɗi yana jijjiga karon farko a rayuwarsa, a ce iska ce. Dattijo mai kunya ya koma faɗin abin da bai dace ba, ko ya riƙa mantuwa, a ce sammu ne ko tsufa.

Mafi yawan ciwon kai ba ƙari ba ne, kuma bai kamata kowa ya firgita ba. Wanda likitoci ke sa wa ido shi ne sabon ciwon kai da ke ƙaruwa mako bayan mako, ya fi tsanani da asuba, yana zuwa da amai ko dishi-dishin gani. Haka nan farfaɗiyar da ta fara wa mutum da girmansa, da raunin hannu ko ƙafa na ɓari ɗaya da ke shigowa a hankali, da harɗewar magana, da yaron da ya fara tangaɗi a tafiya. Addu'a da ruƙiyya ba sa hana ɗaukar hoto. Hoton CT ko na MRI ne kaɗai ke nuna ko akwai wani abu a ciki.

Yadda ake zama likitan tiyatar ƙwaƙwalwa

Fannin bai daɗe ba. A 1884 aka yi wani aiki a Landan da ake lissafa shi cikin na farko-farkon cire ƙari daga cikin ƙwaƙwalwa, kuma mara lafiyan ya rasu bayan 'yan makonni saboda ƙwayoyin cuta da suka shiga wurin. Harvey Cushing na Amurka ne ya mayar da aikin fanni mai zaman kansa a farkon ƙarni na 20, shi ne ma ya raɗa sunan meninjiyoma a 1922. Har zuwa 1971, lokacin da aka ɗauki hoton CT na farko a Landan, likita yana shiga kai ne bisa alamomin jiki da hotunan da ba sa nuna ƙwaƙwalwar kai tsaye.

A Najeriya, Latunde Odeku ne ya buɗe sashen farko a asibitin koyarwa na Ibadan a 1962, bayan ya dawo daga horo a Amurka. A Arewa, cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa ta asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, wadda Farfesa Bello Bala Shehu ya jagoranci kafawa, ta horar da likitocin da ke aiki a asibitoci da dama a yau.

Hanyar doguwa ce: shekara 6 a jami'a, shekara 1 ta horon asibiti, shekara 1 ta bautar ƙasa, sannan jarrabawar share fage. Bayan nan sai horon ƙwarewa na kimanin shekara 6 ko fiye, a ƙarƙashin Kwalejin Horar da Manyan Likitoci ta Ƙasa ko Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma. Wanda ya shiga jami'a yana ɗan 18, ko bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba, ko yajin aiki bai riƙe shi ba, ya haura 30 kafin ya tsaya da ƙafarsa. Mai son ƙwarewa a kan ƙari kaɗai sai ya ƙara wani horon, galibi a ƙasashen waje.

Idan aka raba yawan waɗannan likitoci da yawan jama'ar ƙasar, ba a samun ɗaya ga kowane mutum miliyan ɗaya. Wannan ya sa likitan da ya ƙware a kan ƙari ba ya samun zama a kan ƙari kaɗai. Shi ne zai karɓi wanda ya fashe kai a hanyar Keffi ko ta Lokoja, da ɗan acaɓan da ya faɗi ba hular kwano, da jaririn da ruwa ya taru masa a kai, da mai karayar ƙashin baya. Idan aka ɗage ranar aikin mai ƙari, sau da yawa wani ne aka shigo da shi rai a hannun Allah ya karɓe ɗakin tiyata da gadon kulawa ta musamman.

Nawa za a cire?

Jama'a sun fi ganin gwanintar hannu, amma mafi nauyin aikin yana cikin shawarar da ake yankewa tun kafin a shiga ɗakin tiyata. A taɓa ko a bari? Ƙaramin meninjiyoma da aka gano a kan tsohuwa, ba ya damunta, sau da yawa ana barinsa ne a riƙa ɗaukar hoto lokaci-lokaci. Ƙarin da ya yi zurfi a wuri mai haɗari, ana iya ɗebo ɗan ƙanƙanin yanki kawai don a san sunansa. Idan kuwa za a cire, sai tambaya ta biyu ta taso, wadda ta fi wuya.

Yadda aikin ke tafiya shi ne, a kafe kai don kada ya motsa, a yanko yankin ƙashi a ajiye, a buɗe tantani, a yi aiki a ƙarƙashin madubin ƙara girma na tsawon sa'o'i, sannan a mayar da ƙashin. A meninjiyoma akwai iyakar da ake gani. A giliyoma babu. Ƙarin yana cakuɗe da naman da mutum ke magana da shi, yake motsa hannu da shi, yake gane 'ya'yansa da shi.

Nan ne ra'ayin likitoci kan bambanta, ba a kan manufa ba, a kan inda za a tsaya. Masu matsawa suna kafa hujja da cewa, a giliyoma, yawan abin da aka cire yana tafiya da tsawon kwanan da ake samu bayan aiki. Masu taka-tsantsan suna cewa wanda ya farka ɓarin jikinsa a shanye, ko ya rasa magana, sau da yawa ba ya iya jure gashi da magungunan da za su biyo baya, ribar da aka nema sai ta zube. Ƙa'idar da aka fi bi a yau ita ce a cire iya abin da za a iya ba tare da an nakasa mutum ba. Faɗinta da sauƙi, amma ma'anarta tana sauyawa daga mutum zuwa mutum. Raunin yatsu a wajen tela ko direba asarar sana'a ce. Ɗan sarƙewar harshe a wajen malamin makaranta ko limami ba ƙaramin abu ba ne. Don haka likitan kirki yakan tambayi sana'ar mara lafiya da abin da ba zai yarda ya rasa ba.

Idan ƙarin yana kusa da cibiyar magana, wadda a yawancin mutane take ɓangaren hagu, akan yi aikin mara lafiya yana farke. Naman ƙwaƙwalwa ba ya jin zafi, fata da tantani ne ke ji, su kuma ana kashe su da allura. Likita yana taɓa wuri da ɗan lantarki kaɗan, mara lafiya yana ƙirga ko yana faɗin sunayen hotuna. Inda maganarsa ta tsaya, nan ba a yankawa. Wannan gwaji sai da harshen da mutum ya iya. Mai jin Hausa da Turanci ma, wuraren harsunan biyu ba lallai su zama ɗaya ba, don haka akan so a gwada kowanne. Abu ne da iyalin da ke shirin kai Bahaushen da ba ya jin wani harshe ƙasar waje ya kamata su tambaya tun da wuri.

Likita ɗaya ba ya aikin

Bayan mai wuƙa akwai mai karanta hoto, da likitan sa barci, da ma'aikatan jinyar ɗakin kulawa ta musamman, da ma'ajiyar jini, da wutar da ba za ta ɗauke ba. Akwai kuma likitan binciken tsoka, wanda mara lafiya ba ya ganinsa amma shi ke faɗin ainihin sunan cutar. Hoto hasashe yake bayarwa. A ƙasarmu ma tarin fuka kan yi dunƙule a ƙwaƙwalwa ya yi kama da ƙari, alhali da ƙwayoyi ake maganinsa.

Idan sakamako ya nuna giliyobilastoma, aiki mafari ne kawai. Tsarin da aka saba shi ne gashi sau 30 cikin mako 6, tare da wani maganin kansa mai suna temozolomide. Binciken da ya kafa wannan tsari, wanda Roger Stupp ya jagoranta a asibitocin Turai da Kanada aka wallafa a 2005, ya nuna haɗa maganin da gashi ya ɗaga matsakaicin tsawon rayuwa daga wata 12.1 zuwa 14.6. Ma'ana rabin marasa lafiyan sun wuce wannan lokaci, rabi ba su kai ba. Rai na Allah ne, kuma akwai masu daɗewa fiye da haka, amma alƙaluman daga manyan asibitocin duniya suka fito, ba daga inda kayan aiki suka yi ƙaranci ba.

Asibitin Ƙasa na Abuja yana cikin 'yan wuraren da ke da na'urar gashi, don haka ake turo masa marasa lafiya daga jihohi da dama. Ga iyalin da suka taso daga Jos ko Lafiya, mako 6 na gashi yana nufin masauki, da abinci, da kuɗin mota kullum daga Mararaba ko Suleja, da mai jinyar da ya bar sana'arsa. Wannan lissafi ba ya fitowa a takardar kuɗin aiki.

Gida ko waje

Masu cewa a fita suna da hujjoji na gaske. Manyan asibitocin waje suna yin irin wannan aiki da yawa a kowane mako, kuma yawan yi yana ƙara ƙwarewa. Suna da na'urar da ke nuna wa likita inda yake a cikin kai yana tsakiyar aiki, da gashin da ke harbin ƙaramin wuri daidai, da gwajin ƙwayoyin gado, duk a gini ɗaya. Ba a cika jiran layi ba.

Masu cewa a tsaya gida su ma ba da ka suke magana ba. Ana cire meninjiyoma da ƙarin fituwitari da wasunsu a Abuja, a asibitocin gwamnati da masu zaman kansu. Haɗa kuɗin tafiya da neman biza kan ci watanni, ƙarin kuwa ba ya jira, kuma jijiyar ganin da ta mutu ba ta dawowa. Mai matsin ruwa a kai ma tafiyar jirgi na iya zama masa haɗari. Sannan duk wanda aka yi wa aiki a waje gida zai dawo, kuma idan ciwon ya ruɓa ko farfaɗiya ta tashi da tsakar dare, likitan gida ne zai karɓe shi, sau da yawa ba tare da cikakken bayanin abin da aka yi ba. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a 2024, abin da ya ninka kuɗin fita, ya kuma tsadar da kayan aikin da asibitocin gida ke shigowa da su.

Idan aka auna, amsar tana bin irin ƙarin da wurin da yake. Ƙari mai wuyar kai wa, a gindin ƙoƙon kai ko kusa da jijiyoyin numfashi, yana iya cancantar neman cibiyar da ta fi yin irinsa, ko a ina take. Ƙarin da ke da iyaka a wuri mai sauƙi, jinkirin neman fita na iya fin aikin gida haɗari. Giliyobilastoma kuwa, fita ba ta sauya halinsa, kuma iyalin da za su sayar da gida ko gona suna da haƙƙin a faɗa masu haka ƙarara kafin su sa hannu.

Dokoki da aljihun talaka

A 2023 wani ƙudiri ya tsallake karatu na biyu a Majalisar Wakilai, yana neman a hana likitan da ya yi karatu a Najeriya cikakken lasisi sai ya yi aikin shekara 5 a gida. Masu goyon baya sun ce da kuɗin jama'a aka sauƙaƙa karatun. Ƙungiyoyin likitoci sun ce albashi da kayan aiki da tsaro ne ke korar mutane, tilas ba za ta gyara su ba. A watan Agustan 2024 gwamnatin tarayya ta amince da wata manufa kan hijirar ma'aikatan lafiya, wadda ta karkata ga jan hankali da ƙarfafa wa na waje gwiwar dawowa. A fannin da ƙwararrunsa ba su da yawa, tafiyar mutum ɗaya, ko ta ma'aikatan jinya biyu-uku na ɗakin kulawa ta musamman, tana iya tsawaita layin aiki a asibiti guda.

Ta fuskar kuɗi, dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, amma har yanzu sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar daga aljihun mutane yake fita. Asusun tallafin masu kansa na gwamnatin tarayya ya fara ne da kansar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, wato furostet. A nan Abuja shugabannin ƙasashen Afirka suka yi alkawarin 2001 na ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, kuma kasafin tarayya bai taɓa kai wa nan ba. Ga ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, hoton MRI kaɗai na iya cinye albashin wata ko fiye. Daga nan sanarwar neman taimako ke samo asali. Mai inshora kuma ya kamata ya tambaya a rubuce ko tsarinsa ya ɗauki hoto, da aikin, da kwanakin kulawa ta musamman, da gashi, domin kowanne lissafinsa daban.

Abin da iyali za su tambaya

Kafin a sa hannu a takardar amincewa, akwai tambayoyin da likita ba zai ji haushinsu ba: wane irin ƙari ake zato, me zai faru idan aka jira wata uku, duka ake sa ran cirewa ko wani sashe, wace nakasa ce ta fi yiwuwa, kuma me zai biyo bayan aikin. Yana da kyau mara lafiyan da ke cikin hayyacinsa ya ji amsoshin da kunnensa. Al'adar ɓoye masa don kada hankalinsa ya tashi tana da kyakkyawar niyya, amma magana da hannun da ake shawara a kansu nasa ne.

Neman ra'ayin likita na biyu ba cin fuska ba ne, kuma ana iya yinsa ba tare da an motsa mara lafiya ba. Abin da za a nema shi ne faifan hoton kansa, ba takardar bayaninsa kaɗai ba. Bayan aiki kuma a karɓi rahoton abin da aka yi a ɗakin tiyata da sakamakon binciken tsoka, a adana. Ko meninjiyoman da aka cire duka yana iya dawowa bayan shekaru, shi ya sa ake ci gaba da ɗaukar hoto, kuma likitan da zai duba sabon hoton zai bukaci tsohon ya kwatanta.